Littafin gumaka

Jikka ɗaya na saye shi, wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Bangon ya yage, wani ɗan lakwal da ban sani ba ya cika gefen shafukan da bik. Tatsuniyoyin Girkawa da Romawa ne da Faransanci, an taƙaita su don ƴan makaranta. Lokacin ina tarminal. Mushenmu na filo kullum sai ya jefo mana Sizif, ya jefo Edip, kamar ƴan unguwarsu ne, ni kuwa na gaji da gyaɗa kai ban gane komai ba.

Sati biyu ina ɓoye shi cikin kayana. Ku ma kun san dalili. A shafin farko akwai hoton wani ƙato mai gemu riƙe da aradu, a ƙasa an rubuta wai sarkin alloli. A gidanmu wannan ba abin bari kan tabarma ba ne.

Maganar gaskiya, allolin nan ba su taɓa girgiza mini imani ba, dariya ma suke ba ni. Kronos ya haɗiye ƴaƴansa don tsoron kada su ƙwace masa sarauta. Zeyus, ɗan da ya tsira, ya girma ya zama manemin mata na ƙin ƙarawa, har rikiɗa ya yi ya zama bijimi don ya sace wata yarinya Eropa. Matarsa Hera kuma ba ta da aiki sai huce haushi kan matan da ƴaƴansu. Da Romawa suka zo, suka gwama su da nasu, Zeyus ya zama Jupiter, Ares mai yaƙi ya zama Mars. Tun a can ma an yi ƙorafi. Platon, wanda malaman zaure suka sani da Aflatun, ya ce a littafinsa na Jamhuriya bai kamata a riƙa ba yara irin waɗannan labaran ba, tun da suna laƙa wa alloli ƙarya da faɗace-faɗace.

Wani dare an ɗauke kuran, ina zaure ina karatu da fitilar salula, sai ganin Baba na yi tsaye kaina. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya jima yana duban hoton.

"Kai, mine ne wannan?"

Na fara kame-kame. Na ce ai Baba ko watan Janairu da muke faɗa daga sunan Janus ya fito, Maris kuma daga Mars, sanin abu ba bauta masa ba ne.

"Ban tambaye ka wata ba. Abin da na iske kana karantawa, shi za ka gaya mini."

Ya zauna. To, abin da nake karantawa ƙarshen Iliyad ne, waƙar Homer kan yaƙin birnin Turwa. Na fara. Hektor, ɗan sarkin birnin, ya kashe Patrokul aminin Ashil, jarumin Girkawa. Ashil ya rama ya kashe Hektor, amma zuciyarsa ba ta yi sanyi ba. Ya ɗaure gawar a bayan keken dokinsa, kowace asuba ya ja ta cikin ƙura yana kewaya kabarin amininsa, ya hana a rufe ta. Uban, Piriyam, tsoho tukuf mai ƴaƴa maza hamsin da yaƙin ya cinye mafi yawansu, ya loda dukiya kan amalanken alfadarai, ya fita da dare shi da wani dattijo guda, ya nufi sansanin abokan gaba don ya roƙi gawar ɗansa.

Sai a nan na gane wautar da na tafka. Shekara uku ke nan da Yaya ya kama hanyar Libiya. Daga Agadas ya kira sau ɗaya. Bayan wata biyu wani da suka hau mota tare ya buga waya ya ce ya rasu cikin sahara, sun rufe shi inda ba zai iya kwatantawa ba. Mun yi salla babu gawa. Yaya ɗan fari ne, Baba ko da yana raye bai taɓa kiran sunansa ba don kunya, bayan rasuwar kuma ko maganar ba a tayarwa a gabansa.

Na yi shiru. Ya ce, "Ci gaba."

Na ci gaba, murya na rawa. Tsohon ya shiga tantin Ashil ba wanda ya gan shi, ya durƙusa ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa ƴaƴa, ya ce masa ya tuna da nasa uban da ya bari gida cikin tsufa. Sai su biyun suka fashe da kuka, wannan don ɗansa, wancan don ubansa da amininsa. A labarin, Zeyus ne ya ba da umurnin a mayar da gawar, Hermes ya yi wa tsohon rakiya, amma duk na tsallake wannan, kuma wallahi labarin bai ragu da komai ba. Babu allan da ya sa su kukan nan.

"Ya ba shi?"

"Ya ba shi, Baba. Ya sa aka wanke ta aka shafa mata mai aka suturta, shi da kansa ya ɗaga ta. Suka ci abinci tare. Ya tsayar da yaƙi kwana goma sha ɗaya don a yi jana'iza."

Ban gaya masa ƙone gawa suke yi ba. Har yau ban gaya masa ba.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya miƙo mini littafin, ya ce in liƙa takarda kan hoton saboda ƙannena, ya tashi ya shiga gida.

Bayan kamar wata guda, muna dawowa daga sallar asuba, yana gaba ina biye, bai ko juyo ba ya ce, "Tsohon nan da ya tafi neman ɗansa, yaya ma sunansa?"