Gona Ɗaya, Ruwa Biyu

A lardin Ca Mau da ke kudancin Biyetnam, manomi yakan raba shekararsa tsakanin ruwa biyu. Da rani, idan ruwan teku ya kutso magudanai, sai ya buɗe masa hanya zuwa gona, ya zuba 'ya'yan jatan lande. Da damina kuwa, yakan jira ruwan sama ya wanke gishirin ƙasa kafin ya dasa shinkafa, kifi da jatan landen ruwan daɗi suna kiwo a ramin da ya kewaye ta.

Kashin jatan lande shi ne takin shinkafa, ita kuma tana tsotse dattin da ke haddasa masa cuta. Feshin maganin ƙwari kuwa bai taso ba, domin yana kashe abin da ke cikin ruwa.

Sai dai lissafin duka ya rataya ne a kan damina. A 2016 fari ya tsananta, gishiri ya ƙi wankuwa, shinkafa ta ƙone a tsaye. Maƙwabta da dama sun koma jatan lande zalla saboda kuɗinsa. Shi bai bi su ba, domin ya san kududdufin da ba a nomawa cuta yake tarawa.