Daga Madani Zuwa Mai Wurno: In Boksi Ta Mutu A Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta ratsa Sinnar ta gangara Mai Wurno, ya san ba a kan kwalta mota ke shan wuya ba. Wahalar tana can inda aka sauka daga kwalta aka bi gefen tur'a zuwa ƙauyukanmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, ƙasar duk ta zama hanyoyin ruwa da baƙar laka: ƙura da rani, taɓo da damina. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 da ƙafa suka zo. Mu jikoki kuwa tsohuwar Toyota muke hawa, wadda ake kira boksi, ita ce ta kasuwa, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti.

To jama'a, tsohuwar motar fetur, wato banzin a bakinmu na nan, abu biyu ke riƙe da ranta: wuta da mai. Yadda ta mutu shi ke nuna wanda ya yanke. In ta ɗauke farat ɗaya kamar an hure fitila, a fara neman wuta. In kuwa ta yi ta tari da fizga, ana taka totur ƙarfi na raguwa, galibi mai ne bai isa ba.

Mun ga haka a bazarar 2022, muna ɗauke da wani dattijo mara lafiya zuwa Sinnar. Rana ta take, sai boksin ta yi tsit. Wani fasinja ya ce mai ya ƙare. Direba ya ce, "Haba Ustaz, da mai ne ai da ta yi mana sallama." Ya zare wayar da ta fito daga kwil, ya riƙe ta da busasshen kara kusa da jikin inji, yaron mota ya murza makulli. Ba ko ƙyas. Ya taɓa kwil, ya yi zafi kamar tanda. Ya jiƙa tsumma ya naɗe shi, muka fake da dattijon a inuwar bagaruwa. Bayan ɗan lokaci mota ta tashi. Ya gaya mana kwil ɗin da ke mutuwa in ya yi zafi, ya farfaɗo in ya huce, kwanansa ya ƙare, tsumma lallashi ne kawai.

Da kwil lafiya yake, sai a buɗe murfin distiributa a duba kwantak, wanda makanikan nan ke ce wa bilatin. Bakinsa kan ƙone, ko tazarar ta rufe. Ana goge shi, a gyara tazarar ta kai kimanin milimita 0.4, kusan kaurin kwalin ashana. In yana yawan ƙonewa, kwandansa ne mai laifi. Da damina kuma ruwan kududdufi ke fantsama cikin murfin, abin da yake so busasshen ƙyalle ne. Wanda ya cire wayoyin fulogi ya tuna jerinsu a yawancin injuna masu silinda huɗu: 1-3-4-2. In aka sauya su, mota sai harbi kamar bindigar toka.

Ta wajen mai, a ganinmu jarka ce babbar abokiyar gaba. Man da ake saye a bakin hanya yakan zo da yashi ko ruwa, ya toshe matata, ya cushe kafireta. Zafin Afrilu da Mayu ma yakan mai da fetur tururi a cikin bututu, famfo ya yi ta ja a banza. Fulogi kuma ba ya ɓoye magana: in ya yi baƙin tukunya, mai ya rinjayi iska, a kakkaɓe ƙurar habub daga matatar iska. Sifinja, tsohuwar Bedford ɗin nan, in mai injin gas ce ba ta da fulogi, ciwonta iska a bututun mai, sai a kwance a zuƙe.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Madani a Disambar shekarar. Waɗannan tsofaffin motoci na cikin waɗanda suka kwashe iyalai, a lokacin da ba kanti ba gareji. Shi ya sa muke roƙon direbobinmu, kada a bar gari ba tare da kwantak, kwandansa, matatar mai da kwil na ajiya a ƙarƙashin kujera ba.