Dallol Boso: kogin da ya koma ƙarƙashin ƙasa a Kurfai

Tsakanin Yamai da Filinge akwai tafiyar kilomita wajen 180. Rabin farko na hanyar fako ne da sabara, ba abin da ke riƙe idon matafiyi. Sai an kusa Baleyara ƙasa take gangarawa, mota ta faɗa cikin wani makeken kwari wanda faɗinsa a wasu wurare ya zarce kilomita 10. Wannan shi ne Dallol Boso, wanda Zabarmawa ke kira Boboy. Daga nan hanya ba ta sake rabuwa da shi har cikin ƙasar Kurfai.

Kwarin nan gadon kogi ne. Shekaru dubbai da suka wuce, zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa, kogin yakan taso daga Azawak ya gangara kudu har ya haɗu da Kwara a Bumba. Ruwan sama ya janye, kogin ya ƙafe, amma ya bar shaidu biyu. Ta farko ita ce gaɓoɓin dutse da ya zaizaye, masu tsaye gabas da yamma kamar ganuwar birni, jajaye daga ƙasa, baƙar marmara a bisa. Ta biyu tana ƙarƙashin rairayi. Wajen Baleyara da Bonkuku mai ginar rijiya kan tarar da ruwa bayan gaba kaɗan, alhali a kan tudu sai an yi ta gina har a gaji. Da wannan ruwa ne mutanen Bonkuku ke noman dankalin turawa da ake saye a kasuwannin Yamai. Tsawon kwarin makiyaya ke bi da garkunansu, a cikinsa kuma ake kiwon shanun Azawak a gidan kiwo na Tukunus, arewa da Filinge.

Mai son ganin kwarin da kyau sai ya hau dutse. Ba matakala, ba alama. Hanyar awaki ce, kuma tsakuwa na zamewa, saboda haka takalmin ofis ba nasa ba ne. Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya ko bayan la'asar, in dai hazo bai tashi ba. Daga bisa ana ganin gonakin gero da aka girbe, farare fat, da itatuwan gawo a warwatse cikinsu, kore shar, don gawo da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Ga goriba, ga rumbuna, ga ƙurar garke mai komawa rijiya. Idan rana ta karkata, dutsen da ke fuskantarta yakan yi ja kamar garwashi na ɗan lokaci, sa'an nan ya dushe. Wannan kallo kaɗai ya biya wahalar hawan.

Filin da ake hange ya ga tarihi. A 1916 mayaƙan Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimidan, sun kai wa Filinge hari lokacin da suka yi wa Faransa tawaye, aka kore su. Wajen 1925 kuma a Shikal, kusa da nan, aka fara bautar iskokin Hauka, masu kwaikwayon sojan Nasara da komandansu, abin da ya sa hukumar mulkin mallaka ta kama mabiyan ta ɗaure. Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan Fandu ne, cikin wannan kwari.

Duk da haka ba a shirya wurin don baƙo ba. Ma'aikaci kan yi shekaru a Filinge bai taɓa hawan dutsen da yake gani kullum daga ƙofar gidansa ba. Ɗan kasuwa kuwa ya ci kasuwar Lahadi ta Baleyara, ya ɗaure kayansa ya juya. A 2004 an sa Dallol Boso cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, amma takarda ba ta tsare icce. Ana sare itacen tudu ana kai wa Yamai don girki, ruwan damina ya rasa abin da zai tare shi, ya kwararo ta kwazazzabai da rairayi ya binne gonaki da garake a gindin dutse.

Sai kuma batun tsaro, wanda ya fi kome nauyi. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan arewacin jahar Tilaberi. Ran 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, a yankin raƙuman dawa na Kure, wanda ke gefen wannan kwari ta kudu. Tun daga nan yawon buɗe ido ya mutu a yankin. Wanda aiki ko fatauci ya kai shi Filinge, in yana son hawa, ya fara tambayar hukumar gari da jandarma, ya tafi da ɗan gari, ya ɗauki ruwa, kuma ya sauko kafin magariba.