Yadda mutanen Turkiyya ke gaida mai rashi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ina koyon harshen Turkiyya wurin wani ɗan ƙasar da munka yi aikin rijiya tare. Kalmomin tausayi na fara roƙo ya koya mini, don baƙon da bai iya gaisuwar mutuwa ba bai shiga gari ba tukuna.

Maras lafiya su kan ce mishi "gecmish olsun", wato Allah shi sa ya wuce. Mai rashi su kan ce mishi "bashin sa olsun", wato kanka shi zauna lafiya. Shi ko ya amsa "dostlar sa olsun", masoya su zauna lafiya. Kun ga addu'ar tana komawa bisa waɗanda sunka rage. Mamaci kuwa "rahmet" ake roƙa mishi, rahamar nan tamu.

Mu mukan ce rai ya ɓaci. Su sai su ce "jiyerim yandi", hantata ta ƙone.

Ran 6 ga Fabrairu 2023 girgizar ƙasa ta kashe mutum fiye da 50.000 a Turkiyya, har da ƙanwar abokina. Na gaishe shi da harshensu. Ya amsa, ya ƙara da karin maganarsu: wuta inda ta faɗi, nan take ƙuna.

Shi ya sa in maƙwabci ya yi rashi, ba ni ce mishi na san zafin. Sai in zauna, in yi addu'a, gobe in ɗauki hauya in kama mishi noma.