Sallar Layya a Jami'ar Tawa

Ranar Layya ta shekarar 2025, cikin watan Yuni, ban yini Bambeye ba. Da muka sauko idi na yanka ragona, na bar wa yara aikin fiɗa, na hau kabu-kabu zuwa Tawa. Ɗan ƙanena yana karatu a jami'a can. Ya aiko cewa ba shi zuwa gida salla. Uwarsa ta yi fushi ƙwarai, ga ubansa yana Abijan wajen bida. Ni aka aika in komo da shi.

Daga Bambeye zuwa Tawa babu nisa, gabas maso arewa za ka nufa. Gonaki duk an share su, ana jiran ruwan shuka. Ko'ina ka duba hayaƙi ne ke tashi daga ƙofofin gidaje.

An kafa jami'ar a 2010, lokaci guda da ta Maraɗi da ta Damagaram. Da can, yaron Adar da ya gama lise sai ya tafi Yamai ko wata ƙasa. Yanzu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, malamin da ya rubuta tarihin Adar na kafin zuwan Nasara. Ana koyon shari'a a cikinta, da tattalin arziki, da aikin gona, da aikin koyarwa.

Na iske wurin shiru. Ɗiyan Ƙwanni da Keita da Buza da Illela duk sun tafi gida. Waɗanda suka rage ƴan nesa ne, na Tera, na Gaya, na Difa. Mutumin Difa sai ya bi ta Madawa, Maraɗi, Damagaram da Gure, wajen kilomita 1,000. Kuɗin mota zuwa da komowa ya fi ƙarfin ɗalibi, ga jarrabawa ta kusa.

Bayan ɗakunan kwana na same su, sun kai mutum 40. Tun farkon wata suka fara karo-karo, wani jikka guda, wani rabi, wani babu ko dala, kuma ba a rubuta sunan kowa ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, suka sayo raguna biyu. Raguna biyu ga mutum 40, ku ma kun san ba ƙoshi ba ne. Amma aikin sun yi shi yadda ya kamata. Sun buɗe kowane rago a kan itace biyu gicciye, sun kafa su a gefen wuta, ba bisa wutar ba, don naman ya gasu a hankali har dare. Ƴan mata suna suyar kayan ciki. Wani Buzu ya zauna ga shayi, na fari, na biyu, na uku, bai tashi ba. Wanda ya fi kowa wahalar ɗaukar itace Kirista ne, Bagurme. Sun ce mini in Kirsimeti ta zo su ma sukan je su yi masa barka. Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Faransanci duk sun gauraye, har kunnena ya gaji.

Da la'asar sai ga yara daga cikin gari ɗauke da kwanoni. Wata tsohuwa ta zo da kanta, da ƙwaryar fura da soyayyar hanta. Ta ce ɗiyanta biyu suna Libiya, ba ta san wanda zai ba su abinci yau ba. Mu mutanen Adar mun san wannan. Gida nawa ne a Bambeye da babu wani nasu a waje? Sai dai kwanonin ba su da yawa. Ni a ganina masu hali sukan aika nama gidan da ya riga ya yanka uku, su manta da baƙin da ke bakin garinsu.

Na kira yaron gefe, na gaya masa saƙon uwarsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce: “Baba, abokin ɗakina ɗan Difa ne. Shekara biyu bai yi salla gida ba. In na tafi, da wa zai ci?” Ban sami abin cewa ba. Na kwana tare da su a kan tabarma.

Wanshekare, ranar rabon nama, muka ɗauki kabu-kabu biyu, ni da yaron da baƙonsa. A hanya ina ta shirya abin da zan gaya wa uwar. Da muka shiga ba ta dube ni ba, ba ta dubi ɗanta ba. Baƙon ta shimfiɗa wa tabarma, ta ce: “Sannu da zuwa, ɗana.” Cinyar da ta ɓoye wa nata, ita ta ajiye gabansa, da yaji. Da yamma aka kai shi gaisuwa gida-gida, yara na biye da shi suna son jin Barbarci. Da magariba ya roƙi wayata, don tasa babu kuɗi, ya koma gindin aduwa ya kira uwarsa.