Ƙarfen bakin gilashin tsohuwar Marsandin Kawu

Yau zancen mota zan yi muku.

Duk wanda ya taso a unguwarmu a Agege ya san ƙaramar Marsandin nan mai kujera biyu ta Kawuna, wadda ya saya da ribar goro lokacin da harka ke tafiya. Samfurin 280 SL ce, irin wadda ake yi wa laƙabi da Pagoda, kuma tun 1971 aka daina ƙera ta. Da tsufa ya hana shi tuƙi sai ya danƙa mini makullinta, amana.

To, kun san daminar Legas ba irin ta gida ba ce, ga kuma iskar teku mai gishiri. Robar da ke riƙe da gilashin gaba ta bushe ta tsattsage, ruwa yana ɗigowa har kafet ya fara wari. Na zagaya kasuwar Ladipo ban samu robar ba, sai wani ɗan'uwa ne ya aiko da ita daga Jamus.

Inda gizo ke saƙa shi ne siririn farin ƙarfen nan da ya zagaye gilashin. Alminiyam ne mai laushi, yana da leɓe da ke shiga wata tsaga a cikin robar ya matse ta. Wasu samari suka ce a ba su sukudireba su ɓamɓare shi, in an gama su manna da gam. Wani dattijo Bayarabe mai aikin gilashin mota ya girgiza kai, ya ce da ni cikin Hausarsa, "Alhaji, wannan ƙarfe idan ya lanƙwashe sau ɗaya ba zai koma daidai ba har abada." Na ce, "Baba, yi yadda ka sani."

Daga cikin motar ya fara. Ya yanke leɓen tsohuwar robar da reza, aka turo gilashin waje a hankali tare da ƙarfensa, aka kwantar a kan bargo. Sannan ya riƙa janye robar daga jikin ƙarfen, bai ja ƙarfen ba ko kaɗan. A kusurwoyin ƙasa muka tarar da tsatsa, fanabita ya kankare ya shafa fenti, muka jira ya bushe.

Mayarwa tana da tsarinta. Roba a bakin gilashi tukuna, sannan ƙarfe a cikin roba da ruwan sabulu, duk tun gilashin yana ƙasa, domin idan ya hau mota tsagar ta matse, ƙarfen ba zai shiga ba. Sai ya zagaya igiya cikin robar, bakunanta biyu suka haɗu a tsakiya ta ƙasa. Yaronsa yana dannawa da tafin hannu daga waje, shi yana jan igiyar daga ciki, leɓen robar yana hawa gefen ƙarfen motar kaɗan-kaɗan. Ni kuwa sai addu'a, don in gilashin ya tsage ban san inda zan samo wani ba. Alhamdu lillahi ya zauna daram, ruwan sama ya daina shiga.

Abin da ya tsaya mini a rai, dattijon nan ya ce yaro ɗaya kawai ya rage masa, sauran sun tafi neman kuɗin gaggawa. Mu ma ga samarinmu nan a Agege da Idi-Araba, da yawa ba su da sana'ar hannu. Jama'a, mu kai su wurin irin waɗannan mutane tun suna raye. Ni dai na riga na yi wa ɗan ƙanena magana, ranar Litinin zai fara. Allah ya sa albarka, amin.