Ka sayi injin motsa jiki na hannu babu littafinsa? Ga yadda na nemo na kawuna

Yau ba maganar waya zan yi ba, amma da waya aka yi aikin. Injinan motsa jiki 'yan Beljiyam sun fara yawa a gidajenmu, musamman injin gudu da keke, kuma da wuya ka ga wanda ya zo da littafinsa. Mai kaya zai ce maka jona kawai ka hau. Littafin nan kuwa shi ne ke faɗa maka irin wutar da injin yake sha, da nauyin da zai iya ɗauka, da man da ake sa masa.

Darasin farko da na koya a shagon gyara shi ne ba a yi wa waya filashin da sunan da ake kiran ta a kasuwa. Samsung A10 da A10s kamar Hassan da Hussaini suke, amma ɗaya SM-A105 ce, ɗaya SM-A107. Ka ɗora wa wannan fayil ɗin waccan, ka jawo wa kanka biyan waya. Haka injin gudu yake. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a gefensa ado ne, lambar samfurin ita ce ainihin sunansa.

Kawuna likita ya ce masa ya riƙa tafiya ta minti 30 kullum saboda ciwon suga. Shi kuma daga kasuwa sai gida, sai ya ware kuɗi mai kauri ya sayi injin gudu na hannu. Aka jona, sikirin ya kawo haske, amma bel ya ƙi motsi. Wani ya ce fanel ne ya ƙone, wani ya ce a zuba baƙin mai. Sai ya kira ni: "Kai da kake gyaran waya, zo ka duba mini kafin a lalata mini kuɗi." Na ce, "Kawu, a cire shi daga wuta tukuna, kada kowa ya kwance ko noti ɗaya sai mun samu littafinsa."

Abu na farko, na nemi sitika. Yawanci tana can ƙasa ta gaba, kusa da inda wayar wuta ta shiga, wani lokaci kuma a jikin ƙarfen ƙasa. Na kunna fitilar waya, na goge ƙura, na ɗauki hoto. A nan za ka ga lambar da aka rubuta kusa da Model, da lambar siriyal, da ƙarfin wuta. Kafin komai duba wutar nan. Kayan Amurka 120V suke sha, tamu kuwa 230V ce kamar ta Turai. Ka jona na Amurka kai tsaye, a take zai iya ƙonewa, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin abin da injin yake ja. Na kawu 220-240V aka rubuta, muka yi hamdala.

Na biyu, na shiga Google na rubuta sunan kamfanin da lambar, harafi bayan harafi, na ƙara da manual filetype:pdf. Wannan kalma ta ƙarshe tana sa Google ya kawo maka fayil ɗin PDF zalla. Ka kula da wutsiyar lambar. Injinan ProForm da NordicTrack, alal misali, lambarsu kan ƙare da ɗigo da wata lamba guda, wadda ke nuna zubin da aka yi. Zubi biyu na samfuri ɗaya na iya bambanta a kayan ciki. Fara da shafin kamfanin, in babu ka leƙa ManualsLib. In kamfanin ya rufe ko ya goge shafin, sa adireshinsa a Wayback Machine da ke archive.org, sau da yawa tsohon shafin yana nan a ajiye. In kuma sitikar ta goge gaba ɗaya, ɗauki hoton allon maɓallan ka nema da Google Lens, ka gwada hotunan da ya kawo maɓalli da maɓalli.

A nan ne nake ja muku kunne. Duk shafin da ya ce sai ka sa lambar katin ATM, ko sai ka sauke wata manhaja ta APK kafin ya ba ka littafin, fita da gudu. Wayoyi nawa aka kawo mini cike da talla da ƙwayoyin cuta saboda irin wannan dannawa! Littafin gaskiya PDF ne, kuma galibi kyauta ne.

Wanda na samo da Jamusanci yake. Na buɗe shi a wata wayar, na haska kyamarar Google Translate a kai, na bi shafi-shafi. Ashe injin lafiyarsa ƙalau. Akwai wani ɗan makulli mai maganaɗisu da igiya, ana manna shi a allo, ɗaya bakin kuma a maƙale a riga. In mutum ya zame, makullin ya fice, injin ya tsaya. Idan babu shi, bel ba zai taɓa juyawa ba. Namu ya ɓace tun a hanya. Muka sa aka nemo wani a wajen masu sayar da kayan motsa jiki, da kuɗin da bai kai na canjin sikirin ɗin ƙaramar waya ba. Wani ya ce a liƙe maganaɗisu da salatif a huta. Na ce, "Kawu, kada ka yarda. Ranar da ka faɗi, wa zai tsayar maka da shi?"

Maganar mai kuma, littafin kawu ya ce silikon zalla. Baƙin mai cinye bel yake yi. Amma kada ka ɗauki wannan ka yi wa naka hukunci, domin wasu kamfanonin suna sa wa bel mai tun daga masana'anta, su rubuta kada a ƙara komai sai da izinin ma'aikacinsu. Shi ya sa na wani ba ya yi maka.

Shafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yara. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton ya janye injinsa Tread+ a Amurka bayan mutuwar wani yaro. Gidajenmu kuwa cike suke da yara. In ka gama, zare makulli ka ɓoye, ka cire filogi, ka kuma bar fili kamar mita 2 a bayan injin, kada ka matse shi da bango.

Da ka samu littafin, tura wa kanka a WhatsApp ko ka ajiye a Google Drive, ka buga shafin gargaɗin ka manna kusa da injin. Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya ɗauki hoton sitika tun a shago, ya nemo littafin a tsaye a wurin, ya tambayi makulli, sannan a yi ciniki. Allah Ya ƙara mana lafiya.